Ilimi da lafiya a matakin gunduma: Abin da doka ta tanada, da yadda kuɗin ke isa Nasarawo

Nasarawo ɗaya ce daga cikin gundumomi 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, tare da irin su Bolari, Jekadafari, Pantami, Herwagana da Shamaki, kuma ɗaya ce daga cikin gundumomi 114 da ke faɗin Jihar Gombe. Gunduma ita ce mataki mafi ƙanƙanta da al'umma ke zaɓar wakili, wato kansila. A nan ne kuma manufofin ilimi da na lafiya da ake tsarawa a Abuja ke komawa aji da allo, ko ɗakin awo da ɗakin haihuwa.

Dokokin ƙasa sun yi wa mazauna kowace gunduma alƙawura biyu: karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, da kuma kiwon lafiya na matakin farko da talaka zai samu ba tare da ya sayar da kadararsa ba. Kowane alƙawari yana da asusun da doka ta kafa masa. Sai dai kuɗin na bi ta hannun matakan gwamnati uku kafin su isa unguwa, kuma a wannan hanya ce akasarin matsalolin da ake muhawara a kansu suke. Wannan bayani ya tattaro dokokin, da asusun, da hukumomin da abin ya shafa.

Wa ke da alhakin me?

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ƙananan hukumomi cikin masu samar da ilimin firamare da ayyukan lafiya, tare da gwamnatocin jihohi. Gwamnatin Tarayya tana tsara manufa, tana gindaya ƙa'idoji, tana kuma bayar da tallafi.

A ɓangaren ilimi, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, UBEC, ce ke riƙe da tallafin tarayya. Takwararta ta jiha, SUBEB, ita ke kula da makarantun firamare da ƙananan sakandare, sai kuma sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma. A ɓangaren lafiya, akwai Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, NPHCDA, wadda aka kafa a 1992, da irinta ta Jihar Gombe da ke kula da cibiyoyin unguwanni da ƙauyuka.

Asibitocin kuma hawa uku ne. Cibiyar gunduma ce ta farko, inda ake awon ciki, da rigakafi, da karɓar haihuwa, da maganin zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya fi ƙarfinta sai ta tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Ƙwararru na Jiha da ke Jekadafari. Hawa na uku shi ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wanda ya fara a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya kafin a ɗaga darajarsa a 2014. Idan hawa na farko ya yi rauni, marasa lafiya kan tsallake shi su cika manyan asibitoci da cututtukan da ya kamata a gama da su tun a unguwa.

Dokar ilimin bai-ɗaya

Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a watan Satumban 1999, amma sai a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta wajabta karatun firamare na shekara shida da na ƙaramar sakandare na shekara uku, kyauta a makarantun gwamnati.

Ta kuma tanadi hukunci ta fuska biyu. Uba ko mariƙin da ya ƙi sanya yaro makaranta za a ja masa kunne a karon farko. A karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Daga nan kuma tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta saɓanin dokar kuwa, tararsa na iya kaiwa naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Darajar waɗannan kuɗaɗe ta zube tun tuni, kuma da wuya a ji an gurfanar da wani a kansu. Duk da haka tanadin na nan a rubuce, kuma shi ne hujjar iyayen da aka nemi su biya kuɗin da doka ta haramta.

Game da kuɗi, dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Rabin wannan kuɗi tallafin gine-gine da kayan aiki ne, kuma jiha ba ta samunsa sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Naira ɗaya daga jiha, naira ɗaya daga tarayya. An yi wannan sharaɗi ne don kada jihohi su sakar wa tarayya nauyin gaba ɗaya, amma ya zama inda kuɗi ke maƙalewa. A ƙarshen 2024 hukumar UBEC ta bayyana cewa sama da naira biliyan 135 na tallafin shekarun 2020 zuwa 2023 na ajiye, jihohi ba su karɓa ba. Shi ya sa ake ta kiraye-kirayen a gyara dokar, ko dai a rage kason jiha, ko a ƙara na tarayya, ko kuma a faɗaɗa karatun dole ya haɗa da babbar sakandare.

Yaran da ba sa zuwa makaranta

Alƙaluman sun bambanta gwargwadon shekarun yaran da aka ƙidaya. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5, yayin da hukumar UNESCO ta ƙiyasta kimanin miliyan 20 a 2022, bayan ta haɗa da waɗanda suka kai shekarun sakandare. Inda babu saɓani shi ne mafi yawansu suna Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma.

Garin Gombe na da nasa dalilin na musamman. Tun da aka ƙirƙiri jihar daga tsohuwar Jihar Bauchi a ranar 1 ga Oktoban 1996, garin ya zama babban birni, jama'a suka riƙa kwararowa daga ƙauyuka. Rikicin Boko Haram ya ƙaro iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, waɗanda da yawansu suka zauna cikin unguwanni wajen 'yan uwa da gidajen haya. Don haka a gundumar cikin gari irin Nasarawo, abin da ke hana karatu ba nisan makaranta ba ne kamar yadda yake a rugage da ƙauyuka. Cunkoson aji ne, da kuɗin kayan makaranta da littattafai, da tallan da gida ya dogara da ribarsa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, alhali a makarantun gwamnati na biranen Arewa ba abin mamaki ba ne a tarar da ninkin haka a aji guda.

Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2019, shekarar da ya hau mulki. Jihar na cikin jihohi 17 da suka amfana da shirin BESDA, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 611 a 2017 domin mayar da yara makaranta. A ƙarƙashinsa an buɗe cibiyoyin karatun 'yan mata, an kuma shigar da karatu da lissafi cikin makarantun allo, kuma gwamnatin jihar ta ce dubban ɗaruruwan yara sun shiga karatu ta wannan hanya. Gombe ta kuma shiga shirin AGILE na ilimin 'yan mata matasa bayan an faɗaɗa shi a 2023.

A kan tsangaya, an yi gwaje-gwaje da dama. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun almajirai sama da 150, ta fara da ta Gagi a Sakkwato a 2012, amma da yawa sun lalace bayan an miƙa su ga jihohi babu tanadin kuɗin gudanarwa. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. A watan Mayun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar kafa Hukumar Kula da Ilimin Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta. Darasin da aka koya daga waɗannan matakai shi ne, duk shirin da bai tafi da alarammomi ba, kuma bai amsa tambayar abincin almajiri ba, ba ya daɗewa.

Shiga aji da iya karatu

Rajista wani abu ne, koyo kuma wani abu ne dabam. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya gano cewa kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da ginshiƙin iya karatu, haka ma lissafi.

Wannan ne ya sa batun harshen koyarwa ya yi zafi. Tun daga 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a muhallinsa. A ƙarshen 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a tsawaita hakan zuwa dukkan shekaru shida na firamare. A watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin da komawa Turanci a dukkan matakai, yana mai danganta shi da faɗuwa jarrabawa. Masana harshe da dama sun ƙalubalanci matakin, suna cewa ba a taɓa aiwatar da tsarin yadda ya kamata ba, domin ba a samar da littattafai da horarrun malamai ba.

Gombe misali ce ta sarƙaƙiyar lamarin. Jihar na da Fulfulde, da Tangale, da Tera, da Waja, da Tula, da Bolanci da wasu harsuna, yayin da Hausa ce harshen kasuwa da wasan yara a cikin gari. Yaro ɗan aji ɗaya a Nasarawo yana iya zuwa da harshen gida, ya tarar da Hausa a bakin abokansa, sannan a buɗe masa littafin Turanci.

Asusun lafiya na matakin farko

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Sakamakon haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman, BHCPF, da za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen asusun tarayya. Dokar ta raba shi kamar haka: kashi 50 na biyan kuɗin jinyar masu rauni ta hanyar inshora, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 na gyaran cibiyoyi da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. A nan ma akwai sharaɗin jihohi da ƙananan hukumomi su zuba nasu kason. Sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin, shekara huɗu bayan dokar.

Abin da ya bambanta wannan asusu da tsarin da shi ne, wani kaso na shiga asusun bankin ita kanta cibiyar duk bayan wata uku, kuma shugaban cibiyar da shugaban kwamitin raya gunduma ne ke sa hannu kafin a cire. Da shi ake sayen magani, da gyaran famfo, da biyan ƙananan buƙatu. A watan Disamban 2023 Gwamnatin Tarayya da gwamnonin jihohi 36 suka rattaba hannu a wata yarjejeniyar farfaɗo da lafiya, inda Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana aniyar ninka cibiyoyin da ke amfana daga sama da 8,000 zuwa sama da 17,000 kafin ƙarshen 2027.

Jihar Gombe ta bi tsarin gyara cibiya ɗaya a kowace gunduma, wato cibiyoyi 114, ta kuma sake gina manyan asibitocin Kumo da Kaltungo da Bajoga, ɗaya a kowace mazaɓar sanata. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓi na Kumo ta mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Sai dai gundumomi ba girmansu ɗaya ba. Cibiya guda da ta wadatar da gundumar karkara tana iya yi wa gundumar cikin birni kaɗan, inda mata masu awo ke cika benci tun da sassafe.

Inshora da shirin GoHealth

Tsohon shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka yi wa doka a 1999 ya kuma fara aiki a 2005, ganin dama ne, kuma ma'aikatan tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Dokar NHIA ta watan Mayun 2022 ta mayar da inshorar wajibi a kan kowa, ta kuma kafa asusun masu rauni da aka ce zai kula da mutum miliyan 83.

Jihohi ne ke aiwatarwa ta hukumominsu. Ta Gombe ita ce hukumar taimakekeniyar lafiya da aka fi sani da GoHealth, wadda aka yi wa doka a 2019. Tana da rukunin ma'aikatan gwamnati da ake cira daga albashinsu, da rukunin masu sana'ar kansu da ke biya da hannunsu, da rukunin marasa ƙarfi da gwamnati ke biya wa, irin su mata masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman. Rukuni na biyu ne ya fi wahalar samu a ko'ina cikin ƙasar, alhali su ne mafi yawa a unguwa: tela, da ɗan acaɓa, da mai shago, da mai ƙosai. Wanda abincin yau ke gabansa, da wuya ya biya kuɗin ciwon da bai zo ba, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya.

Abin da ake ƙoƙarin karewa rayuka ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 na mutuwa kafin su cika shekara biyar. Na 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ya sauko zuwa 110. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. A watan Nuwamban 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance.

Albashi da 'yancin ƙananan hukumomi

Tallafin UBEC na gina aji, asusun BHCPF na sayen magani, amma albashin malamin firamare da na mafi yawan ma'aikatan cibiyoyin lafiya daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Shekara da shekaru wannan kaso na bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnatocin jihohi ke juyawa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri.

Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta nuna fargaba, domin ba ta manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka damƙa firamare ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni babu albashi. Ta nemi a riƙa cire albashin malamai tun daga tushe. Yajin aikin da malaman firamare na Babban Birnin Tarayya suka yi na fiye da wata uku a 2025, kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ya nuna cewa fargabar na da tushe.

Ga kuma ƙaurar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa Ingila da Saudiyya da Amurka, wadda ta sa Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa ta musamman a kanta a watan Agustan 2024. Idan ƙwararre ya bar asibitin koyarwa, na asibitin jiha kan maye gurbinsa, giɓin kuma ya gangaro har cibiyar gunduma.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu

Ma'aikatu biyu ne, amma yaro ɗaya ne. Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna kimanin kashi 40 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma yaron da ya tsumbure kan shiga aji da raunin da malami ba zai iya gyarawa shi kaɗai ba. Binciken lafiya na ƙasa ya sha nuna cewa uwar da ta yi sakandare ta fi zuwa awo, ta fi haihuwa a asibiti, ta fi kammala wa ɗanta rigakafi. Allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, ta dogara sosai da makarantu wajen isa gare su.

Haka kuma, mata da yawa a Arewa sun fi sakin jiki idan mace ce za ta karɓi haihuwarsu. Kwalejin koyon jinya da ungozoma ta Gombe da kwalejin kimiyyar lafiya ta Kaltungo ba sa ɗaukar ɗaliba sai ta ci darussan kimiyya a babbar sakandare. Duk yarinyar da ta tsaya a aji shida, an rage mutum ɗaya cikin waɗanda za su iya tsayawa a ɗakin haihuwa nan da shekara goma.

Abin da mazaunin gunduma zai iya bibiya

Tsarin ya bar wa al'umma ƙofofi biyu. Kowace makarantar gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ya haɗa da iyaye, da mai unguwa, da malaman addini, da wakilan mata. Kowace gunduma kuma ya kamata ta kasance da kwamitin raya gunduma mai sa ido a kan cibiyar lafiya.

Ta hannun waɗannan kwamitoci, mazaunin Nasarawo, ko na kowace gunduma a ƙasar nan, yana da damar tambayar nawa ya shigo asusun cibiya a wata ukun da suka wuce da abin da aka saya da shi; su wane ne aka yi wa rajistar kulawa kyauta da yadda aka zaɓe su; malamai nawa ke cikin takardar albashi da nawa ke shiga aji; da kuma ko jiha ta ajiye kasonta na tallafin UBEC na bana. Koke a kan makaranta na zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan SUBEB. Na cibiyar lafiya kuma na zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, sannan hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, ko ofishin GoHealth idan batun rajista ne.